Lemon Gida Mai Gas: Kashe Ƙishin Bazara da Zoɓo, Tsamiya da Kuka

Laccar da aka gabatar ga mata da matasa masu sana'ar kayan sha daga Badarawa, Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da ruwa daga sama, ya fitar mana da 'ya'yan itatuwa iri-iri. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Gabatarwa

Batun da aka ɗora mini yau shi ne yadda ake haɗa lemo mai gas a gida, daga 'ya'yan itatuwan da muke da su, ba tare da ɗigon giya a ciki ba. Duk wanda ya taɓa yin bazara a wannan yanki ya san ba ƙaramin batu ba ne. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, Gulbin Gagare da Bunsuru su zama rairayi, maƙogwaro ya bushe tun hantsi. A shekarun nan kuma azumi ya yi ta faɗowa cikin wannan zafi. A farkon Afrilun 2024, ana cikin watan Ramadan, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga zafin digiri 48.5, mu ma a nan mun sha namu rabon.

A irin wannan lokaci, ku dubi abin da ke hannun mutane a tashar Ƙaura, ko a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis: gorar lemon kanti. Kuɗin da aka samu da gumi suna tafiya kamfani, alhali zoɓo na jibge a buhu, tsamiya na zuba a gindin uwarta. Abin da na zo in tabbatar muku guda ɗaya ne: gas ɗin da ke cikin lemon kanti ba wani sirri ba ne, kuma yana cikin masu arha a kayan haɗinsa. Abu mai daraja shi ne ɗan itacen, shi kuwa a hannunmu yake.

Me ke cikin kwalbar lemo?

Abubuwa biyar ne ginshiƙan kowane lemon kwalba: ruwa, sukari, tsami, ƙamshi da gas. Sauran launi ne da maganin hana lalacewa.

Gas ɗin nan iskar kabon ce, irin wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi. Ba ta da alaƙa da gas ɗin girki, kuma ba ta sa maye. Idan aka matsa ta cikin ruwa sai ta narke, wani kaso nata ya zama ɗan tsami mara ƙarfi, shi ne wannan tsikarin da ake ji a harshe. Da an buɗe murfi matsin ya tafi, sai ta fara guduwa tana kumfa.

Tarihinta yana da darasi gare mu. A 1767 wani masanin Ingila mai suna Joseph Priestley yana zaune a garin Leeds, maƙwabcin gidan da ake dafa giya. Ya lura da iskar da ke taruwa a kan tukwanen da ke tsimuwa, ya gano cewa idan ruwa ya sha wannan iska yakan yi daɗin sha. A 1772 ya wallafa hanyar samar da iskar daga alli da ruwan sinadari mai tsami, ba sai an je gidan giya ba. A 1783 Jacob Schweppe ya fara yin ruwan soda na sayarwa a birnin Janeba, sunansa ne har yau a jikin kwalaben Schweppes. Coca-Cola ta biyo baya a 1886 a Atlanta ta Amurka, ta fara fita daga masana'anta a Legas a 1953, sannan 7Up ta soma aiki a Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. Wato fiye da shekara 250 ke nan da ɗan Adam ya raba gas da giya. Musulmi na iya shan lemonsa yana kumfa, zuciyarsa a natse, muddin ya san ta inda gas ɗin ya shigo.

Inda gizo ke saƙa shi ne sukari. A kowane mililita 100 na lemon kola akwai sukari kimanin giram 10 da rabi, gorar rabin lita ke nan tana ɗauke da fiye da giram 50, cokalin shayi 12 zuwa 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada irin wannan sukari ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babban mutum, in an rage zuwa 25 ya fi. Gora ɗaya ta cinye rabon yini guda, ba a yi maganar shayin safe ba. Wannan ne ya sa dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai sukari a Nijeriya. Haƙoran yaranmu da yawan masu ciwon suga a asibitocinmu sun ishe mu shaida.

Arzikin da ke ƙofar gidanmu

Mu fara da zoɓo, soɓorodon da ake tsinka a jikin sure bayan damina. Ja ne ba tare da an sa masa launi ba, yana da tsaminsa na halitta. A Misra da Sudan, inda ake ce masa karkade, shi ne abin shan baƙo, a Senegal kuma bisaf ake ce masa. Nijeriya na cikin manyan masu fitar da shi waje, musamman daga Jigawa, kuma Meziko ce babbar mai saye. Can akwai kamfanin lemo mai suna Jarritos, wanda aka kafa a 1950, yana ɗura zoɓo da tsamiya a kwalba da gas, yana sayarwa har Amurka da Turai. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, ya nuna cewa kofi uku na jiƙon zoɓo kullum har mako shida ya ɗan sauke hawan jinin waɗanda nasu ya fara tashi. Ba a ce ya maye gurbin maganin asibiti ba, kuma likitoci kan shawarci mai juna biyu da kada ta yawaita shi.

Tsamiya ba sai an gabatar da ita ga Bazamfare ba, da ita ake kunu, da ita ake lamurje. 'Ya'yan kuka, ƙwamen da yara ke fasawa suna tsotsa, suna cikin 'ya'yan itatuwa mafiya yawan bitamin C, har Tarayyar Turai ta amince a 2008 a riƙa sayar da garinsu a kasuwanninta. Ga goruba, ga lemun tsami, ga kankanar fadama, ga mangwaro da ke nuna daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Ga citta, kanumfari, masoro da na'a-na'a. Ga zuma da mazarƙwaila.

Lokacin da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga ya zo kwasa. Suka tafi a ɗanyensu, aka dawo mana da mai da atamfa muka saya da tsada. Kusan shekara ɗari bayan nan, zoɓonmu na bin wannan hanya. Ba na so jikokinmu su sayi soɓorodon gonar kakanninsu a kwalbar wata ƙasa.

Hanyoyi uku na samun gas

Hanya ta farko, wadda na fi ba ku shawara a kanta, ita ce ruwan soda na kwalba ko na gora. Ruwa ne zalla da aka matsa wa iskar kabon, babu sukari babu giya. A duba rubutun jiki da kyau, domin ruwan tonik yana kama da shi a ido, amma shi yana da sukari da ɗacin kwinin.

Hanya ta biyu ita ce bekin soda, wadda masu yin cincin da kek suka sani. Idan ta haɗu da tsami sai ta fitar da iskar kabon nan take. A kofin ruwan sanyi a zuba cokalin abinci biyu na ruwan lemun tsami da ɗan zaƙi, a kawo rubu'in cokalin shayi na bekin soda a zuba, a juya, a sha kafin kumfar ta kwanta. Gas ɗinta ba ya kai na kwalba, kuma tana da sharuɗɗa. Wannan rubu'in cokali na ɗauke da kimanin miligiram 300 na sinadarin da ke cikin gishiri, don haka mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su nisance ta. Ba ta dace da zoɓo ba, domin tana kashe jansa ya koma baƙi-baƙi, kamar yadda kuka san kanwa ke yi masa. Sannan, iyaye mata, ku riƙe wannan da hannu biyu: bekin soda daban, sodar sabulu daban. Sodar sabulu guba ce, tana ƙona baki da maƙoshi. Kada a aiki yaro kasuwa a ce masa ya sayo soda kawai, kuma kada a ajiye su wuri ɗaya.

Hanya ta uku ita ce tsimuwa: a zuba yis a ruwa mai sukari, ko a toshe shi a bar shi ya kwana biyu har ya tashi da kansa. Za ku ga ana koyar da ita a waya, ana cewa lemon citta ne na gargajiya. Gaskiyar magana, idan yis ya ci sukari abu biyu yake fitarwa tare, iskar kabon da barasa. Ba a samun ɗaya a bar ɗaya. A farko barasar kaɗan ce, amma a zafin bazara tana ƙaruwa da sauri, kuma babu wanda ke da ma'auninta a gida. Ga kuma haɗarin fashewar kwalba.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a nan ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) dabino ko zabibi a ruwa ya sha. A ruwayar Nana A'isha, jiƙon safe da maraice ake shan sa, na maraice kuma da safe. A ruwayar Ibn Abbas, ba ya wuce maraicen rana ta uku. Littafin Risala da muke karantawa a zaurukanmu ya kawo hanin yin jiƙo a cikin duma da mazubin da aka shafe da kwalta, malamai suka ce saboda suna gaggauta tsimuwa. Ƙa'idar kuwa sananniya ce, abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Jiharmu ta Zamfara ce ta fara dawo da shari'ar Musulunci a watan Janairun 2000, bai kamata mu hana giya a titi ba sannan mu tsima ta a ɗakin girki cikin rashin sani. Idan zoɓo ko kunun aya ya kwana, gorar ta kumbura, aka buɗe ta yi tsaki, wannan ba gas ɗin alheri ba ne. A zubar.

Haka nan lemon cafman da ake haɗawa a bukukuwa. A tsarinsa na asali ana ɗiga masa wani ruwan ɗaci mai suna Angostura, wanda kusan kashi 45 cikin 100 nasa barasa ce. Ɓawon lemun zaƙi da kanumfari za su ba ku ɗaci da ƙamshin da kuke nema.

Yadda ake haɗawa

Dabarar duka ita ce a raba aikin gida biyu. A fara yin madarar ɗan itacen, wato ruwansa mai ƙarfi wanda ba a sirka ba. Sai lokacin sha ya yi a sirka da ruwan soda.

Madarar zoɓo: a tsince kofi biyu na busasshen zoɓo, a ɗauraye shi sau biyu don ƙasa ta fita. A zuba a tukunya da ruwa lita ɗaya da kofi ɗaya, a daka citta a sa, da kanumfari biyar ko shida, da ɓawon abarba wankakke in akwai. A bari ya tafasa minti 15, a sauke, a tace da kyalle mai tsabta. Tun yana da zafi a zuba sukari kofi ɗaya, kimanin giram 200, a juya ya narke. Za a samu madara wajen lita ɗaya. Idan aka sirka kashi ɗaya nata da kashi uku na ruwan soda, lita huɗu ke nan, kofi 16, kowane kofi da cokalin shayi uku na sukari. Rabin abin da ke cikin lemon kanti ke nan, kuma mai so ya rage a hannunsa yake.

Madarar tsamiya: a wanke curin tsamiya cikin hannu biyu, a jiƙa a tafasasshen ruwa lita ɗaya har awa guda, a murje, a tace sau biyu. A mayar wuta da citta da ɗan masoro da mazarƙwaila, ta yi tafasa ɗaya. A cikin duk abin da za ku haɗa, ita ce ta fi jituwa da gas, domin tsaminta da launinta sun yi kusa da na lemon kola.

Madarar kuka: ita ba a dafa ta, domin wuta na lalata bitamin C. A jiƙa 'ya'yan a ruwan da aka tafasa ya huce, su yi awa ɗaya ko biyu, a murje har garin ya rabu da ƙwallon, a tace da kyalle mai laushi, a sa zuma. A tace ta sosai, domin duk ɗan gari da ya rage zai sa gas ya yi ambaliya ya gudu.

Kankana da mangwaro kuwa a markaɗa, a tace, a matsa lemun tsami, a murza ganyen na'a-na'a a jefa. Su ba a ajiye su, yadda aka yi haka za a shanye.

Wajen zubawa akwai ladubba. Komai ya yi sanyi tukuna, madarar da sodar da kofin. Madara ce ke fara shiga. A karkata kofin, a tsiyaya sodar a hankali ta gefensa, a juya sau ɗaya. Kada a zuba garin sukari a cikin soda, kowace ƙwaya na korar gas. A rufe gorar sodar nan take.

Sanyi da tsabta

Sanyi ba ado ba ne a wannan aiki. Ruwa mai sanyin ƙanƙara na riƙe iskar kabon fiye da ninki uku na abin da ruwa mai zafin digiri 40 zai riƙe. Shi ya sa gorar da ta sha rana take tumbatsa idan an buɗe, ta bar ku da ruwan sukari salam. Na san halin da muke ciki game da wutar lantarki. Wanda ba shi da firji ya nutsa gorarsa cikin randa tun safe. Akwai kuma dabarar Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, wadda ta sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Yayin da ruwan yashin ke bushewa yana tafiya da zafin cikin. Busasshiyar iskar bazararmu ce ma ta fi dacewa da ita, kuma maginan tukwanenmu za su iya yin ta.

Tsabta kuwa ita ce ran sana'ar. Annobar amai da gudawa ta 2021 ta ci dubban rayuka a Nijeriya, Zamfara na cikin jihohin da ta taɓa, kuma ta ruwa da abinci take shiga. Gas ba ya mayar da gurɓataccen ruwa mai kyau, ƙanƙara ma ba ta kashe ƙwayar cutar. A tafasa duk ruwan da za a yi madara da shi. A san da wane ruwa aka yi ƙanƙarar da ake saya, in ba a sani ba a jingina gorar da ita, kada a jefa ta cikin kofi. A wanke hannu da sabulu. A daina ɗura abin sha a gorunan da yara suka tsinto a bola, domin babu wanda ya san bakin wa suka fito ko me aka taɓa zubawa ciki. Madarar da ba ta samu firji ba a ƙarar da ita a yininta, wadda ta samu kada ta wuce kwana uku ko huɗu.

Kuma lemo, na kanti ko na gida, ba maganin gudawa ba ne. Yaron da ke gudawa ruwan gishiri da sukari yake buƙata, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a litar ruwa mai tsabta, sannan a garzaya da shi asibiti.

Kammalawa

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa rashin tsaro ya raba mutanenmu da yawa da gonakinsu, ya mayar da shiga daji ɗebo tsamiya abin fargaba. Garuruwanmu cike suke da zawarawa da marayu da 'yan gudun hijira masu neman abin yi. Wannan sana'a ce da mace za ta yi a tsakar gidanta da tukunya ɗaya, ɗanta ko ƙaninta ya sirka wa mai saye a gabansa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ina kira ga iyaye mata su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su sayi zoɓo a kaka lokacin da yake da araha, su sari ruwan soda a katan. Ƙungiyar da ta yi ƙarfi za ta iya mallakar tukunyar iskar kabon irin ta abinci da na'urar matsa ta cikin ruwa, ta yi sodarta da kanta, ta nemi rajistar hukumar NAFDAC kafin ta fara ɗurawa a gora mai suna. Ina kira ga malamai da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda ke tare da mu tun 1983, su auna mana tsami da sukarin waɗannan abubuwan sha, su koya wa matanmu hanyar adana su. Ina kira ga masu hali su sa jari, ga sarakunanmu su tsare mana tsamiya da kuka daga gatarin masu gawayi, ga malamanmu kuma su bayyana wa jama'a hukuncin jiƙon da ya tsimu.

Ku kuma 'yan'uwa masu saye, idan za ku yi buɗe-baki ko walima ko suna a bazarar nan, ku nemi na gida, ku tambayi da wane ruwa aka yi shi, ku biya mai shi haƙƙinta. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya shayar da mu daga tafkin Alkausara.